"Sink or swim" da "iya ruwa fid da kai": ɗaya ne?

Ɗalibar sakandare: Assalamu alaikum. Malaminmu na Turanci ya ce mu nemo takwarar "sink or swim" a Hausa. Na rubuta "iya ruwa fid da kai", ya soke da jan biro. Don Allah ina kuskurena?

Malamin firamare: Wa alaikumus salam. Ni ban ga kuskure ba. Swim iyo ne, sink nutsewa, kuma duka biyun maganar mutum ya ceci kansa suke yi.

Tsohon tafinta: Malam, a nan na saɓa maka. Bature kan ce "sink or swim" ne idan an tura mutum cikin aiki ba mai kama masa, kamar sabon ma'aikacin da aka nuna wa tebur ranar farko aka tafi aka bar shi. Ko ya yi iyo ko ya nutse, ba ruwan kowa. Wato halin da aka bar shi ciki ake kwatantawa. Tamu kuwa gwaninta take aunawa. Duk cika bakinka na iya ruwa, sai mun gan ka a gaɓa za mu yarda. Da ni ne, "kowa tasa ta fisshe shi" zan rubuta, duk da ita ma ba ta zauna daram ba.

Ɗan Argungu: Baba tafinta, ranka ya daɗe, mu da muka tashi a bakin kogin Matan Fada gargaɗi muka ɗauki "iya ruwa fid da kai". Mai nutsewa yakan ƙanƙame wanda ya zo cetonsa, su tafi tare. Ai an ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Don haka ka fara tabbatar da za ka fid da kanka kafin ka bi wani.

Tsohon tafinta: Na karɓa, ɗana. Wannan ma ya ƙara nisanta ta da ta Turancin, don a can babu wanda ya shigo ceto.

Ɗalibar sakandare: To Baba, "my head is swimming" fa? Tana cikin aikin.

Tsohon tafinta: Jiri ne, 'yata. Ki rubuta "kaina yana juyawa" ko "jiri nake gani". Kada ki sa iyo ko ninƙaya a wurin.

Malamin firamare: Ni dai har yanzu ina ganin ya kamata a ba yarinyar nan ko da rabin maki ne.