Na iya ɗinki, amma na kasa sa almakashi a yadin mutane

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Shekara 2 na yi ina koyon ɗinki, da na gama maigidana ya sayo min keke. Yau wata 8 ke nan keken na lulluɓe a lungun ɗaki. Kwanaki maƙwabciyata ta kawo yadi in ɗinka wa 'yarta riga. Na auna yarinyar, na zana da alli, ina ɗaukar almakashi sai hannuna ya hau rawa. Kwana uku yadin na shimfiɗe, ƙarshe na naɗe na mayar mata, na ce ba ni da lafiya. Wallahi wannan ƙaryar ta fi komai ci min rai. A wurin koyo malamarmu ce ke yanka, mu namu haɗawa ne. Don Allah ku ya kuka yi kuka fara?

Tsohon Tela:
Wa alaikumus salam 'yata. Rigar farko da na yanka, hannu biyu na fitar duk na gefe ɗaya, don ban ninke yadin fuska da fuska ba. Ranar ko barci ban yi ba. Amma tun daga nan ban sake wannan kuskuren ba, alhali maigidana a sana'a ya sha gaya min da baki bai zauna ba.

Ki fara fitar da siffar rigar a takarda, ki ɗora a kan yadin. Ki bar rarar inci ɗaya a gefuna, abin da ya yi yawa ana rage shi, wanda ya gaza kuwa sai dai haƙuri. Kuma yau ki yi, kar ki ce sai gobe. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Yayar Gida:
Baba ya yi gaskiya, sai dai ni ban ga dalilin farawa da yadin mutane ba. Tsoronki na da hujja, amana ce. Ki samo tsohon zanin gado ki yanka wa 'ya'yanki, in ya lalace naki ne.

Ɗalibin Tarihi:
Yaya, ga abin da ke ƙarfafa min gwiwa. Orville da Wilbur Wright masu gyaran keken hawa ne a Amurka. Tashin farko da jirgin saman da suka ƙera ya yi ranar 17 ga Disamba 1903 daƙiƙa 12 ne kacal. A ranar suka sake gwadawa har sau uku, na ƙarshe ya kai daƙiƙa 59.

Maman Biyu:
Allah ya saka muku da alheri. Jiya bayan yara sun yi barci na yi bismillah na yanka zanin gadon. Hannuna ya yi rawa, amma ƙarar almakashin na shiga kunnena na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Rigar ta haɗu, ƙaramar tawa ta ƙi cire ta tun safe. Sai dai wuyan ya yi faɗi, yana zamowa ta kafaɗa. Baba, ya ake gyara shi ba tare da na farke duka ba?