Ɗakin haya ga ɗalibin Danfodiyo: Kwalkwalawa ko cikin gari?

Ɗan Zuru: Assalamu alaikum. Ina aji biyu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, bana ban samu gado a cikin makaranta ba. Baba ya haɗa min naira dubu 120, ya ce babu ƙari. Ba ni da mashin, kuma darussana duk a mazaunin dindindin suke. In kama ɗaki a Kwalkwalawa ko Dundaye, ko in zauna cikin gari in riƙa hawa bas daga Dandima? Don Allah waɗanda suka taɓa zama ku ba ni shawara.

Na Mabera: Wa alaikumus salam. Tai Arkilla, akwai ɗaki da bayi a ciki, dubu 300.

Ɗan Zuru: Yaya, dubu 120 na ce.

Mai Haƙuri: Ƙanena, ba unguwa za ka fara tambaya ba, halin mai gida za ka tambaya. Farkon 2022 na biya kuɗin shekara, na ba dillali la'ada, har da wani wai kuɗin gani. Ko sati uku ban yi ba ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, ta tafi yajin aiki, 14 ga Fabrairu. Na rufe ɗaki na tafi gida. Wata takwas! Da aka janye a Oktoba na dawo, na tarar an ɓalle kwaɗona, an sa wani mai sayar da albasa a ɗakin. Kayana an jibge su a zaure, ruwan damina ya bi ta kan katifa, gara ta cinye takarduna sai ƙusar da ta riƙe su. Na ce saura na wata uku, mai gida ya ce ina shaida? Dillali kuwa ya daina ɗaga waya. Wallahi har yau in na bi ta layin nan raina ɓaci yake.

'Yar Illela: Innalillahi. Allah ya saka maka. Ka sa a rubuta takarda gaban mai unguwa, Ɗan Zuru. Ni dubu 70 nake biya a Dundaye, mu biyu.

Na Mabera: Dubu 70? Sai dai in ɗakin ƙasa ne. Wanga zance ba ya yiwuwa bana.

'Yar Illela: Kai da kake kwana gidanku, uwa ta dafa maka, me ka sani a haya?

Sarkin Zafi: Duk inda za ka kama, ɗaga kai ka duba ko akwai silin. In kwano ne tsirara, a Afrilu sai dai ka kawo ƙullu mu soya masa a ciki.

Tsohon Ɗalibi: Ku bar wasa. Mu da muka ga ambaliyar 2010, lokacin da ruwa ya yanke hanyar jami'a, mun san amfanin zama kusa da aji. Ka tambayi maƙwabta inda ruwa ke kwanciya da damina, da nawa 'yan ga-ruwa ke sayar da jarka.

Sarkin Zafi: Baba, 2010 muna firamare.

Mai Haƙuri: Kuma ko kuɗin da na sa na gyara ƙofar bayi, mai gidan nan bai mayar min ba.

Na Mabera: Ni abin da ad dame ni layin Dandima na. Tun da anka cire tallafin mai a 2023, kuɗin mota ya hi ƙarfin ɗalibi, ga turereniya da sahe. Mai darasin ƙarfe takwas sai ya yi asubanci.

'Yar Illela: Mu mata fa? Ana ture mu, babu mai cewa komai.

Ɗan Zuru: To, ɗakin fa? Jibi zan shigo Sakkwato.