Saudiyya 2, Ajantina 1: masu rigar Messi ku fito mu yi ta a waƙe

Ɗan Kwari:
Salamu alaikum. Tun 11 na safe na bar wa yaro shago saboda wasan nan na gasar cin kofin duniya ta 2022 a Katar, kuma wallahi ban yi asara ba. Ga tawa, mai amsa ya amsa.

Da sunan Allah nake buɗe baki,
In waƙe abin da ya faru Talata.

Wasa 36 ba a kai su ƙasa ba,
Sai ga Saudiyya ta zo da bazata.

An dawo hutu da minti 3 kacal,
Al-Shehri ya kunna wa raga wuta.

Kafin su gama tambayar me ya faru,
Al-Dawsari ya juya ya lanƙwasa ta.

Yana alkafura a filin Lusail,
Mu a Fagge har benci ya karkata.

Wani da ya zo da riga mai lamba 10,
Ya nemi leda baƙa ya cusa ta.

Na Messi Kurna:
Yaya Ɗan Kwari, a dai ji tsoron Allah. Kowa ya ga abin da aka yi mana.

Yaya, rage murna ka faɗi gaskiya,
Ai ba Saudiyya ce ta ci mu ba.

Sau 3 muna jefa ta cikin raga,
Aka soke, ba a bar mana ɗaya ba.

Ta Messi, mai tuta ya ɗaga tuta,
Wannan na haƙura, ban yi musu ba.

Ta Lautaro fa, da ya ɗaga wa gola?
Muna ta ihu, ko zama ba mu yi ba,

Sai na'urar VAR ta zano wani ɗan tsana,
Wai kafaɗa ce ta wuce, ba ƙafa ba.

Satar gida da kafaɗar riga?
Tun da nake kallo ban taɓa ji ba.

Da 4 da nema za a je hutu,
In da alƙali bai sa mana hannu ba.

Malam Na Dala:
Ɗana na Kurna, matso kusa ka ji,
In karanta maka dokar da ta kama ka.

Duk gaɓar da ake cin ƙwallo da ita,
Da ita ake auna satar gidanka.

Hannu kaɗai ne ba ya shiga lissafi,
Kafaɗa kuwa ta isa ta tona ka.

Kuma wa ya ba ku fanareti da fari?
Alƙalin nan dai da ke bakinka.

Ya wuce abinsa, VAR ta kira shi,
Ya je ya duba, ya busa dominka.

An riƙe Paredes, riƙon da kullum
Ake yi a kwana, a ce tashi abinka.

Messi ya ci a minti na 10,
Sannan ba ka ce na'ura ta cuce ka.

Ni ma ba son na'urar nan nake ba, tana kashe wa mutum murna a baki. Amma ma'auni ɗaya aka auna wa kowa da shi yau.

Anti ta Hotoro:
Malam, bar ni da shi, ni ce daidai da shi.

Ƙanena, a Kurna aka yanke cibiyarka,
Ko a Rosario garin Messi? Faɗa mini gaskiya.

Sau 5 Najeriya na karo da mutanen nan
A gasar cin kofin duniya,

Tun daga 1994 har zuwa 2018,
Ba mu tsira da maki ba ko ɗaya.

A 2014 Ahmed Musa namu ya ci 2,
Suka ci 3, muka haɗiye da wuya.

A Rasha ƙwallo ta daki hannun Rojo,
Ihunmu daga nan ana ji a Zariya.

Alƙali Baturke ya je gaban allo,
Ya ce ba komai, ya kaɗa kai ya juya.

Rojon nan dai, a minti na 86,
Ya ci mu, muka ɗau jaka sai hanya.

Ran nan har tuwon dare ban iya ci ba,
Yara na tambaya ko ba ni da lafiya.

Yau kuma in yi kukan kafaɗar Lautaro?
Haba ƙanena, bar ni in yi dariya.

Na Messi Kurna:
Anti, girmanki ne, amma sai na rama.

Masu dariya, in tambaye ku mana,
A Katar ɗin nan ina ƙungiyarku?

Ghana ta zo har Abuja a watan Maris,
Da kunnen doki 1 da 1 ta cire ku.

Sai Masu Gida ma ta faɗa 'yan dagaji,
Ƙofar Mata shiru, ba a jin gangarku.

Kun ga koriyar riga a jikin Larabawa,
Kuka rungume don ta yi kama da taku.

Kamaru ma ta ci mu a 1990,
Muka je wasan ƙarshe, ina Kamarunku?

Malam Na Dala:
Zancen 1990 gaskiyarka ne, Omam-Biyik ya ci da ka, Kamaru ta ƙare wasan da mutum 9, kuma Ajantina ta kai ƙarshe. Sai dai ka manta ka faɗi cewa Jamus ce ta ɗauki kofin. Maganar Kano Pillars, wato Sai Masu Gida, kuwa ka taɓa mana gyambo, kai ma ai naka ne. Karɓi wannan:

A Olamfik na Atlanta 1996 aka yi irin ta yau,
Amunike ya ci ta 3, suka ɗaga hannu.

Suna satar gida, satar gida, Collina ya ce ci ne,
Kanu ya sa zinare, su aka ce musu sannu.

Kawu Mai Shayi, Ƙofar Mata:
Ku yi ta gardamar tuta, ni nawa daban ne.

Ni ba ruwana da mai tuta da na'ura,
Golan nan Al-Owais nake yabawa.

Ta sama ya cafke, ta ƙasa ya kwanta,
Messi ya sa kai, ya kama ba girgizawa.

Har ɗan bayansa ya haɗa da gwiwa,
Al-Shahrani, Allah ya sa da warkewa.

Aka ɗaga minti 8 na ƙari,
Muka ga 10 ta wuce ba a tashi ba, sai ƙaruwa.

Ina tsaye da ludayi, ido a kan allo,
Butar shayi ta ƙafe, ƙwai yana ƙonewa.

Mai Adaidaita ya ajiye fasinja a titi,
Ya leƙo ta taga yana ta addu'ar tsarewa.

Sai kocin nan Renard mai farar riga,
Ba yau ya fara ba manya kunya ba kuwa.

Shi ya ba Zambiya kofin Afirka a 2012,
A 2015 ya maimaita da Kwaddibuwa.

Ya turo 'yan bayansa har kusa da tsakiya,
Sau 10 Ajantina a tarko tana faɗawa.

Wanda ya faɗa rami ɗaya har sau 10,
Shi da idonsa za su zauna tattaunawa.

Sarki Salman ya ba su hutu gobe Laraba,
Mu nan da asuba sai hura wuta da kasuwa.

Na Messi Kurna:
Kawu, ranar Asabar muna da Meziko,
Ku ajiye waƙoƙinku, zan dawo.

In Messi bai ci ba ku kira ni da suna,
In ya ci, kowa ya zo da nasa roƙo ya kawo.

Kawu Mai Shayi, Ƙofar Mata:
Asabar tana da nisa, ɗana. Jiya da daddare a gaban teburina ka ce in Ajantina ba ta ci 5 ba, shayin kowa a kanka, kuma akwai shaidu.

Mutum 9 suka ji, duk sun iso,
Sun zauna a benci suna jiran ka.

Malam ya ce nasa da madara da burodi,
Ɗan Kwari ya ce a soya masa ƙwai da sunanka.

Anti ta aiko yaro da kofin silba,
Taho da kuɗi a hannu, ba na karɓar alkawarinka.