Abin da aka tattaro kan sassaƙa farfelar ƙaramin jirgin sama

Jama'a, ga abin da na tsinto daga tattaunawar da aka yi kan yadda ake sassaƙa farfelar ƙaramin jirgin sama da katako.

1. Kowa ya yarda kada a sassaƙa farfela daga gungume ɗaya. A manna siraran alluna biyar ko shida da gam ɗin efoksi, a matse su sosai. Katakon ya zama marar gaɓa, jijiyarsa miƙaƙƙiya, danshinsa tsakanin kashi 8 da 12 cikin ɗari.

2. A fara da lissafi kafin a ɗauki gizago. Farfela mai tsawon inci 60 da ke juyi 3,200 a minti, ƙarshen fiffikenta na gudun kusan mita 255 a daƙiƙa. In aka haura haka da yawa, ƙara ce ke ƙaruwa, ja yana raguwa. Karkatar fiffiken farfela kuwa a kashi 75 na tsawonsa daga cibiya, wato tsakiyar farfelar, ake aunawa.

3. Daidaiton nauyi: a zura sanda a cibiya, a ɗora sandar kan kaifin ƙarafa biyu da suke daidai da juna. Gefen da ya fi rashin nauyi a ƙara masa fenti, kada a kankare ɗayan barkatai.

4. Wannan ne ya fi damuna a Kaduna. Hunturu na busar da katako ya tsuke, kusoshin cibiya su saki, farfela ta riƙa gogar ƙarfen da aka ɗaure ta a jikinsa har wurin ya yi baƙi kamar ƙuna. A sake auna ɗaurinsu duk sauyin yanayi, kuma a bar farfelar a kwance in an ajiye jirgin.

Inda aka rabu: wasu na ganin katakon maɗaci na kasuwar Panteka da ke Kaduna ya wadatar in an zaɓa da kyau, wasu sun dage sai katakon waje. Kan kare bakin fiffike daga tsakuwa ma, wasu tagulla, wasu efoksi.