Wace kalma za mu sa wa "hygroscopic"?

Jama'a, ku zo mu tsayar da magana a kan wannan kalma. Tana cikin takardar gargaɗin da ke zuwa tare da garin bitamin B1, wato tiyamin haidirokulorayid, kuma duk mai aiki da shi a ɗakin gwaji ko wurin haɗa magani sai ya ci karo da ita.

Garin fari ne tas, a bushe. Amma da an bar bakin kwalbarsa a buɗe sai ya riƙa jawo ruwan da ke cikin iska, har ya kai kusan kashi 4 cikin 100 na nauyinsa. Sai ka ga ya dunƙule yana manne wa cokalin awo, kamar gishiri a lokacin damina. Abu mai wannan hali shi ake ce wa "hygroscopic" da Turanci. Babbar illar tana kan sikeli: ka auna giram 10 kana zaton duk bitamin ne, alhali wani ɓangare ruwa ne. Shi ya sa masu ƙara bitamin a fulawa suka fi son tiyamin mononaitiret, wani nau'in bitamin B1 ɗin, domin bai cika wannan hali ba.

An kawo "mai shan ruwa". Ban yarda da ita ba, don za a zaci narkewa ake nufi. Lallai garin yana narkewa sosai, giram 1 a ruwa kusan mililita 1, amma wannan hali ne dabam. "Mai jiƙewa" kuwa tana sa a ɗauka wani ne ya zuba masa ruwa.

"Mai jan laima" ta fi kusa, kuma ta yi mini daɗi a baki. Sai dai a rubuce laima mai nufin danshi da laima ta shiga inuwa ba su da bambanci, kuma takardar gargaɗi ba wurin sa mutum wasi-wasi ba ne.

Ni dai na tsaya a kan "mai jan danshi", halin kuma "jan danshi". Kalmar "ja" ta nuna garin ne da kansa ke yin aikin, ba sai ruwa ya taɓa shi ba. A jikin kwalba sai a rubuta: "Mai jan danshi ne. A rufe shi gam, a ajiye a busasshen wuri nesa da haske. A sa safar hannu da takunkumi yayin awo, kada a shaƙi ƙurarsa."

Masu harhaɗa magunguna, ku gwada ta a wurin aiki ku faɗa mana ko yaranku na gane ta ba tare da ƙarin bayani ba.