Python ta ishe mu lissafi, ko da sauran aikin kalkuleta?

Malamin kwamfuta: Assalamu alaikum jama'a. Ni a ganina, duk wanda ke aiki a layin umarni (wurin da ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye) kuma yana da Python, yaren rubuta manhaja, ba ya buƙatar wata kalkuleta. Ka rubuta python3, alamar >>> ta fito, sai ka zuba lissafinka. Gwada 2**100, wato 2×2×2 har guda ɗari, nan take za ta ba ka 1267650600228229401496703205376, lambobi 31 cif. Kalkuletar hannu kuwa goma ko sha biyu take nunawa, ta dunƙule sauran. Ga kuma alamar _ da ke riƙe amsar ƙarshe, ka ɗora a kanta ba tare da ka sake bugawa ba.

Akanta: Wa alaikumus salam Malam. Da girmanka, ban yarda ba. Ka rubuta mata 0.1 + 0.2 ka ga abin da za ta ce: 0.30000000000000004. Ni da nake riƙe da lissafin kuɗin mutane, yaya zan amince da wannan?

Injiniya: Hajiya, wannan ba daga Python ba ne. Kwamfuta da 0 da 1 take ajiye lamba, kuma a wannan tsarin 0.1 ba ta da ƙarshe, kamar dai yadda ɗaya bisa uku ke zama 0.333 har abada a namu ƙirgen. Dole a yanke ta a wani wuri, ragowar ce kika gani. Ƙa'idar IEEE 754 ce ta 1985, JavaScript, wani yaren rubuta manhaja, ma haka take amsawa. Maganinsa yana cikin Python ɗin: ki rubuta from decimal import Decimal, sannan Decimal('0.1') + Decimal('0.2'), za ki samu 0.3 daidai.

Akanta: Na ji. Amma ka ga sai da ka koya mini darasi guda kafin in haɗa lamba biyu. Wanda bai san da shi ba fa? Ga kuma round(2.5), 2 take bayarwa, alhali a makaranta 3 aka koya mana.

Injiniya: Da gangan ne. In lamba ta faɗo tsakiya cif, sai a kai ta ga wadda ke rabuwa biyu, don kada jimilla ta riƙa karkata sama.

Dattijon Unix: 'Ya'yana, kun manta da manhajar bc, wadda ke cikin Unix, tsarin tafiyar da kwamfuta, tun 1975, kuma don lissafi kaɗai aka gina ta. Ba ta 0.1 + 0.2, .3 za ta ce maka. Abin da ya fi damuna da Python shi ne 2^10. Mai lissafi 1024 yake jira, ita kuwa 8 za ta ba shi ba tare da ko gargaɗi ba, domin a wurinta ^ aikin XOR ne, wato kwatanta 0 da 1 na lambobin biyu.

Malamin kwamfuta: Gaskiyarka Baba, amma bc ma tana da nata tarkon. In ba ka buɗe ta da bc -l ba, 7/2 sai ta ce 3. Python ta bar wannan hali tun fitowar Python 3 a 2008, yanzu 3.5 take bayarwa. Kuma a bc ina za ka samu Fraction(1, 3) * 3 ta dawo maka da ɗaya cikakke?

Akanta: To Malam, ka rage maganarka ta farko. Ka ce mai rubuta manhaja, kada ka ce duk wanda ke layin umarni. Lissafin kuɗi dai, in har da Python ne, ba zan taɓa shi ba sai da Decimal.