Horon malamai a makarantun kuɗi, ya kuke yi?

Maman Ummi: Salam yan uwa. Shekarata huɗu ina koyarwa a wata firamare ta kuɗi a Unguwar Rogo nan Jos, wallahi ko bita ɗaya ba a taɓa shirya mana ba, kwanaki aka kawo kwamfuta biyu ga su can a ofis an rufe da zane suna shan ƙura don ba mai iya kunnawa. Dan Allah ku haka naku yake?

Ɗan Gangare: Malama kada ki jira mai makaranta. Idan kina da NCE ki yi rajista da TRCN, wato hukumar rajistar malamai ta ƙasa, tukuna, jarrabawar a kwamfuta ake yi, to kin ga dole ki koya.

Malamin Lissafi: Mu kam duk hutun ƙarshen shekara kwana biyu muke zama, wani ya koyar sauran mu zauna kamar ɗalibai, sai a gyara masa. Har mai gadi da mai shara muke kira ranar maganar lafiyar yara.

Maman Ummi: Nagode yaya. Digiri nake da shi ba na koyarwa ba fa.

Ɗan Gangare: To PGDE za ki yi, wato difilomar koyarwa ta masu digiri, NTI cibiyar horar da malamai ta ƙasa suna da shi, karshen mako ake karatu.